Corolla ko Mercedes: amsa ga mai iyali a Garwa

Ƙanena, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Ka ce shekara shida kana ajiya har ka haɗa sefa miliyan biyar, dillali kuma ya nuna maka motoci biyu da kuɗinsu ya yi kusa da juna: Toyota Corolla ƙirar 2006, da Mercedes E320 ƙirar 2004 mai kujerun fata, baƙa wuluk, ko ƙwarzane babu. Kana da mata da 'ya'ya uku, kana aiki a nan Garwa, Hajiya tana ƙauye bayan Gidar kana zuwa duba ta sau biyu a wata, surukanka kuma suna Marwa. Abokanka sun ce tunda kuɗin ɗaya ne, babu mai hankalin da zai bar Marsandi ya ɗauki Corolla. Kana son jin ta bakin wanda ya san cikin mota.

Na fi shekara talatin ina kwance inji ina ɗaurawa a garin nan, kuma ba zan ja ka da nisa ba: ka ɗauki Toyota. Ina faɗin haka ne alhali ina cikin masu ƙaunar Mercedes. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe injin Bajamushe ya ga yadda aka zauna aka tsara shi, dole ya girmama waɗanda suka ƙera. Amma in na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne wace mota za ka iya riƙewa da albashinka, a kan hanyoyinmu, da irin man da muke samu, ba tare da ta cinye abincin yaranka ba.

Mu fara da abin da abokanka ba su tsaya sun tambaya ba. Me ya sa kuɗinsu ya zo ɗaya? Ranar da motocin nan suka fito daga kamfani, kuɗin E320 guda ɗaya zai sayi Corolla kusan uku. Bayan shekara ashirin sun haɗu a farashi guda. Mercedes ce ta gangaro, kuma ta gangaro ne saboda masu ita na farko sun lissafa abin da za ta ci nan gaba, suka rabu da ita. Kuɗin motar kaɗai ya faɗi. Kuɗin kayanta yana nan inda yake tun tana sabuwa: fitilar gaba, famfon birki, shokazoba, na'urar da ke cikin giya, har yau farashin motar attajiri ne a kansu. Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san ranar saye ba ta da wuya, harawa da dawa ne ke nuna ko mai dokin ya isa.

Wannan E320 da aka nuna maka, mu a gareji W211 muke ce mata. An fara yin ta a 2002, kuma waɗanda aka yi daga lokacin zuwa tsakiyar 2006 suna da wani birki da ake kira SBC. A motar da ka saba gani, ƙafarka ce ke tura man birki zuwa tayoyi. A wannan kuwa, ƙafarka saƙo kawai take aikawa, kwamfuta ta karanta, wani famfo mai aiki da lantarki ya matse man. In yana lafiya, da wuya ka sami birkin da ya kai shi daɗi. Sai dai na'urar tana ƙirga sau nawa aka taka ta, in adadin da aka ƙayyade mata ya cika sai gargaɗi ya fito a allon gaban direba. In kuma famfon ya mutu gaba ɗaya, ɗan birkin ko-ta-kwana na tayoyin gaba ne kawai zai rage maka, mai nauyin takawa, mota ta yi ta tafiya kafin ta tsaya. Kamfanin da kansa ya kira motoci masu yawa a 2004 da 2005 don gyaran wannan birki, a 2006 kuma ya daina sa shi a wannan jerin motoci. Motar da ta shekara ashirin, ko dai famfonta ya kusa ƙarshen ransa, ko an canza mata na hannu wanda ba wanda ya san tarihinsa, ko kuma wani ya sa kwamfuta ya goge ƙirgar don gargaɗin ya ɓace har a sayar. Ka kawo wannan a ranka kana gangaro falez, wato babban gangaren dutsen nan da ke tsakanin Ngaundare da Mbe, da yara uku a kujerar baya. Wannan kaɗai ya ishe ni in hana ƙanena na ciki ɗaya sayenta.

Sauran kuma ga su nan. Batir biyu gare ta, babba da ƙarami, kuma in wuta ta yi rauni sai allon ya cika da ƙorafi iri-iri. Injinta silinda shida ne, kowace silinda fulogi biyu, wato goma sha biyu ke nan duk ranar canji, Corolla kuwa huɗu. Baƙin mai tana ɗaukar lita takwas, kuma mai kyau take so, wanda ya dace da ƙa'idar kamfaninta. Corolla ba ta cika lita huɗu ba. A wasu na farkon ƙirar, lagireto kan fashe ta ciki, ruwan sanyaya inji ya shiga man giya, giyar ta fara fizga, in ba a farga da wuri ba ta tafi. In kuma aka yi rashin sa'a wadda ka gani mai jakar iska ce a maimakon sifirin, wadda ake kira Airmatic, to robar jakar ba ta jure zafin Garwa da ƙurarta. Wata safiya za ka fito ka tarar mota ta durƙusa kamar raƙumi.

Abin da ya fi ci mini rai a sana'ar nan shi ne kwanakin da mota ke yi a ajiye tana jiran kaya, don su ba sa shiga lissafin kowa ranar ciniki. Wani bawan Allah, ma'aikaci kamarka, ya taɓa kawo mini irin wannan motar wata huɗu bayan ya saya. Na sa mata kwamfuta na gano na'urar da ta mutu cikin awa ɗaya. Samun na'urar ne ya ɗauki mako bakwai. Babu a Garwa, babu a Marwa. Aka aika Duwala, aka turo ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan mota ta kawo, muka buɗe kwali muka ga lambar ba ta dace ba. Aka mayar, aka sake jira. A cikin makonnin nan naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare, ya fita yana buga ƙofar maƙwabta yana neman wanda zai kai ta asibiti, ga motar miliyoyi a kan duwatsu a garejina. Allah ya sauke ta lafiya, amma fuskar mutumin da safe da ya zo yana ba ni labari ba ta bar zuciyata ba. Kai Hajiya tana ƙauye, shekaru sun ja. Ranar da za a kira ka da ƙarfe biyun dare, motar da za ta tashi da murɗa makulli ɗaya kake bukata.

Ita Corolla, tun 1966 ake yin ta, an sayar da fiye da miliyan hamsin a duniya, kuma rabonmu daga ciki ya iso har lungunanmu. Kayanta sabo da na hannu suna nan a shagunan Garwa. Abin da babu a nan, akwai shi a Mubi ko Yola, akwai a Kofar Ruwa ta Kano, akwai a Kam Yabasi ta Duwala, na asali kuma ana samu ta hannun wakilin Toyota a Kamaru. In ta tsaya maka a Pitowa ko Figil, yaron garejin da ke bakin hanya ya san ta, ya kwance irinta sau ɗari. Mercedes ta zamani kuwa tana son kwamfutar da ke jin yarenta da mutumin da ya iya karanta abin da kwamfutar ta faɗa, irin waɗannan kuma a duk arewa ana iya ƙirga su da yatsu. Mafi yawan Mercedes ɗin da na ga sun mutu murus, hannu ne ya kashe su: an kai wa wanda bai san ta ba, ya yanke waya nan ya haɗa can, ƙaramar matsala ta zama babba.

Zo mu yi lissafin mai, don a nan ne mota ke cin mutum a hankali bai sani ba. Tun Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai ta koma sefa 840, bayan ta tashi daga 630 zuwa 730 a shekarar da ta gabata. A abin da nake gani a hannun masu kawo mini motoci, Corolla mai inji 1.6 tana shan wajen lita 8 a kilomita 100 in an haɗa gari da hanya, E320 kuwa da na'urar sanyi a kunne tana kai wa 13. Ka ce kana yin kilomita 1,000 a wata, wanda zuwa Gidar sau biyu da zirga-zirgar gari za su kusa cika maka. Corolla lita 80, sefa 67,200. Mercedes lita 130, sefa 109,200. Bambancin 42,000 ne kowane wata, a shekara ya haura rabin miliyan. Kai ka san kuɗin makarantar yara nawa ke nan. Na san za a ce ai akwai zuwa-zuwa, wato man da ake tsallako da shi daga Najeriya ana sayarwa a bakin titi. To tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, arahar da muka saba da ita ta ragu ƙwarai, kuma man jarka da kwalba yakan zo da ruwa da datti, wani lokaci har da gauraye. Corolla za ta yi tari ta haƙura. Injin Mercedes an yi shi ne don mai tsaftatacce mai ƙarfi, in ka dinga ba shi na bakin titi zai biya ka da famfon mai da nozul.

Haka takardu. Kuɗin binyet, wato harajin mota da ake karɓa tare da asurans (inshora), yana hawa ne gwargwadon dawakin ƙarfin inji da aka rubuta a kat giris, takardar rajistar mota, inji 3.2 kuma ba ajinsu ɗaya da 1.6 ba. Taya ma haka, ta Mercedes ta fi faɗi ta fi tsada.

Sai ƙasar da motar za ta zauna a ciki. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, roba da filastik ɗin cikin inji suna bushewa su tsage, man giya yana dahuwa. Hunturu ya zo da ƙurarsa ta shiga duk inda iska ke shiga, ta toshe matata, ta lulluɓe na'urorin da ke auna iska. Damina ta zo, mayo, wato rafi, ya kawo ruwa, hanyar ƙauye ta zama taɓo. Mota mai kwamfutoci barkatai, wasu a ƙarƙashin kujera wasu a bayan but, ruwa kaɗan ya shige ta an shiga uku. Tsakanin tayar gaba da ta baya a W211 ya kai mita 2.85, na Corolla 2.6, don haka cikin Mercedes ya fi saurin dukan ƙasa a mashigar mayo da kan tudun rage gudu. Gaskiya dukansu biyun ba motocin daji ba ne. In da za ka ce mini kana bin Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri a kai a kai, da na ce ka manta da su duka ka nemi mai tsayi. Amma wadda ta daki dutse aka gyara ta da dubu talatin daban take da wadda ta daki dutsen nan aka ce sai an jira Duwala.

Ba zan ɓoye maka abin da Mercedes ta fi ba, don in na ɓoye na cuce ka. Ta fi nauyi, ta fi zama a kan titi, ta fi shiru, tafiyar Marwa a cikinta ba ta gajiyar da baya. Ta fi jakunkunan kariya na haɗari, tana kuma da na'urar da ke hana mota sulɓewa a kwana. In komai nata yana aiki, a ranar tsautsayi ta fi Corolla kare ran na ciki. Sharaɗin shi ne komai ya kasance yana aiki, a hannun mai kuɗin da zai gyara duk abin da ya kunna fitila a ranar da ya kunna. Mai albashi kuwa yakan ce bari wata ya ƙare, sai ya yi ta yawo da jar fitila a allo. Motar da aka jinkirta wa gyaran birki ba ta kare kowa.

Akwai kuma maganar da ba ka rubuta ba amma na ji ta a cikin tambayarka, maganar mutunci. Kana son ranar da ka shiga ƙauye Hajiya ta ga ɗanta ya zama wani abu, kana son in ka tsaya a ƙofar surukai a san ka iso. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ba na raina shi. Mutum ya yi shekara shida yana hana kansa, yana da haƙƙin ya so abu mai kyau. Abin da na gani da idona dai shi ne, kallon da ake yi wa sabuwar mota mako biyu ne, daga nan unguwa ta saba. Abin da mutane ke riƙewa shi ne wane ne ya kai maras lafiya asibiti, wane ne ya ɗauki tsofaffi zuwa ɗaurin aure, wane ne bai zo rancen kuɗin gyara ba. Babbar mota kuma tana jawo wa mai ita wani nauyin: 'yan uwa za su ɗauka samu ya ƙaru, buƙatu su ninka, alhali aljihun ya fi da rauni.

To wace Toyota? A nan zan ɗan saɓa wa dillalinka, don ba dole sai wannan Corolla ɗin ba. In kuna tafiya da Hajiya kun zama shida, kujera biyar ba ta isa. Ka duba Corolla Verso mai kujera bakwai, ƙirar 2004 zuwa 2009, amma ka guji mai giyar da ake kira MMT, wadda ba ta hannu ba ce kuma ba otomatik ta gaskiya ba. Tana wahalar da mu. Ka nemi giyar hannu. In faɗi da kwarjini kake so, ga Avensis, wadda aka yi a Ingila, ƙirar 2003 ta sami tauraro biyar a gwajin haɗari na Turai. A cikinta ka zaɓi inji 1.8, ka bar 2.0 mai alamar D-4, don yana fesa mai kai tsaye cikin silinda kuma ba ya shiri da man jarka. Camry mai inji 2.4 ma mota ce ta mutunci, sai dai na wajen 2007 zuwa 2009 da yawansu suna shan baƙin mai, a duba sosai. Injin 1.6 da 1.8 na Corolla da Avensis ma wasu na farko suna shan baƙin mai, don haka kada sunan Toyota ya sa ka rufe ido. Dizal ɗin Turai na baya-bayan nan mai matatar hayaƙi a salansa kuwa, ka bar shi inda ka gan shi, gas ɗinmu yana toshe ta.

In zuciyarka ta ƙi haƙura da kujerar fata da shirun cikin mota, akwai hanyar tsakiya, Lexus ES. Toyota ce ke yin ta, a kan ƙashin Camry aka gina ta, kayan ƙafa da na inji da yawa suna shiga juna, bakaniken Camry kuma ba zai ɓata a cikinta ba. Amma silinda shida ce, a wajen shan mai da takardu tana kusa da Mercedes, don haka lissafin da muka yi a sama yana nan. Tsohuwar Mercedes ta da, irin 190 da W124 da iyayenmu suka hau, ita kam ƙarfe ce zalla, kusan babu kwamfuta, shi ya sa sunan ya kafu a zukatan mutanenmu. Abokanka waccan suke yabo ba su sani ba, wadda aka nuna maka kuwa wata halitta ce daban. Ita W211 da ire-irenta na mutumin da ke da wata motar a gida ne, wanda in an ce kawo dubu ɗari biyar gobe ba zai taɓa jarinsa ko abincin gidansa ba. In Allah ya kai ka nan, ka zo mu zaɓa tare, mu nemi ƙirar bayan 2006 da aka cire wa wancan birki.

Duk wadda za ka saya, kada ka zuba miliyan biyar ɗin duka a kanta. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye. Motar da ta sauka daga Beljiyam ko ta fito daga hannun wani tana buƙatar a zubar da duk man da ke cikinta a sa sabo, na inji da na giya da na birki, a wanke lagireto, a canza matatun iska da na mai, galibi har da taya da batir, ga asurans da bizit teknik, wato binciken lafiyar mota na hukuma, da canjin suna. Kada kuma ka ci bashi ko ka ɗauki adashin da bai zo kanka ba don cike gibin mota mafi tsada.

Ranar dubawa ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku je da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, don injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga duk fitilun allo sun kama, musamman ta inji da ta jakar kariya da ta birki, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa cire ƙwanta aka yi. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara a jikinsa, mai yiwuwa gaskit ya tafi. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa da busasshen laka, don ana kawo motocin da ambaliya ta cinye a waje a wanke su a sayar mana. A ɗaga ta a duba ƙasa ko an yi walda a shasi. Lambar kilomita da ke allo kada ka ba ta muhimmanci, ana juya ta. Sitiyari da feda da kujerar direba sun fi ta gaskiya. Ku hau titin Pitowa da sanyi a kunne na rabin awa, idonka a kan allurar zafi.

Sannan takardu. Lambar shasi da ke jikin mota ta zama ita ce a kat giris harafi da harafi, ka ga takardar duwan, wato kwastan, ta asali da idonka, mai sayarwa kuma ya zama shi ne mai sunan ko yana da wakilci a rubuce. Motar da ta tsallako iyaka ba a biya mata duwan ba takan zo da araha mai daɗi, ranar da aka tare ka a shinge kuma arahar ta ƙare. In kana da niyyar leƙa Injamena wata rana, ka tambayi mai asurans katin CEMAC mai ruwan hoda, na inshorar shiga ƙasashen yankin, tun yanzu. In kun daidaita da mai motar, kafin ka ba da ko sisi ka ce ya bar maka ita yini ɗaya a kai gareji a sa mata kwamfuta. In ya ƙi, ka yi masa godiya ka nemi wata. A gaishe da Hajiya da mai ɗakinka.